Sunan Kyanwa

Ana yayyafi a Coimbra.
Graciete ta buɗe imel a sashen kimiyya:
"Daga shugaban tsangaya. Don Allah latsa nan,
kafin tsakar rana a rufe asusunki."

Yatsanta ya tsaya a iska.
Shekara sha tara tana buga wasiƙun mutumin nan,
bai taɓa cewa don Allah ba.

Sai ta tuna kalmar sirrinta:
Pipoca, kyanwarta,
wadda hotonta ke kan tebur,
har ɗaliban bara sun san sunanta.

Sauri ya haifi nawa.
Ta kira Anselmo na ɗakin kwamfuta,
ta ƙulla sabuwar kalma doguwa
da lemu, jirgin ƙasa, da lambar takalmin kakarta.

Pipoca ta koma kyanwa kawai.