Baƙi Biyu a Damina

Ta farko da sallama ta zo.
Ranar Laraba Barau ya dawo daga kiwo,
ya ce maƙogwaro na yi masa ƙaiƙayi.
Alhamis atishawa, uku-uku kamar da ƙirge,
Juma'a hanci ya zama indararo,
hannun riga ya sha wahala.
Amma ya cinye tuwonsa, ya suɗe kwano,
ya miƙo yana neman ƙari.
Mai neman ƙari ba ya hana ni barci.

Na daka citta da kanumfari,
na matse lemun tsami, na ɗiga zuma,
wadda Inna Tasalla ta aiko daga Harbo.
Ruwan ɗumi da gishiri ya kurkure wuya.
Na lulluɓe shi a kan kwanon sirace
yana kururuwa wai zan dafa shi.
Na ware masa tsumma, na ware masa moɗa,
sabulun gida ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo.
Kwana bakwai baƙuwa ta naɗe tabarmarta,
tari ne kawai ya tsaya hira a bakin ƙofa.

Ta biyu ba ta san sallama ba.

Da safe Ilu ya fita dashen shinkafa
yana tsokanar maƙwabta ta kan danga.
Kafin azahar aka dawo min da shi a amalanke,
jiki kamar tukunyar da aka sauke yanzu,
haƙora na haɗuwa, bargo biyu bai isa ba.
Ya ce, Tabawa, sussuka aka yi da ni,
cinya, gadon baya, har bayan idanu.
Hanci ba ya zuba, tari a bushe.
Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai
ya kasa ɗaga ludayi.

Ƙanensa ya leƙo ya ce ai mura ce,
ya zaro kafso ja da rawaya daga aljihu.
Na ce mayar.
Mura na san ta, makon jiya na sallame ta.
Ba ta kayar da ƙato a wuni guda.

A ƙaramin asibitin Dabi
Malama Hansatu ta tsira masa yatsa,
muka jira layi ya fito a kan ɗan katako fari.
Ta ce ba na sauro ba ne,
babbar mura ce, wadda ake kira fulu.
Kafson nan ba ruwansa da ita, ba ruwansa da ƙaramar.
Ga farasitamol, ga ruwa, a bar shi ya kwanta.
Tsohuwa ta nisance shi, jaririya ma haka.
In numfashi ya gajarta, in ƙirji ya ɗaure,
in zazzaɓi ya tafi ya sake dawowa,
ko tsakar dare ne ku buga min ƙofa.

Dare uku ina zaune da fitilar waya,
kwaɗi na waƙa, ruwa na dukan kwano,
ni kuwa ina ƙirga tashin ƙirjinsa
kamar mai awon gero a shekarar fari.
Na huɗu gumi ya karyo.
Ya buɗe ido ya ce, akwai kunun tsamiya?
Na fita tsakar gida na yi kukana a can.

Sati biyu kafin ƙafarsa ta taka fadama,
'yan gayya ne suka dasa masa shinkafar,
har yau yana cewa layinsu a karkace yake.

Yanzu in wani ya yi atishawa a gidan nan
sai na ce alhamdu lillahi tare da shi,
sannan na taɓa goshi, na tambaya:
da sallama ta zo?
Sai na tura masa kwano, na ga abin da zai yi da shi.