Turmi Sittin da Uku

Shekara arba'in da ɗaya ina sassaƙa a Tawa:
turmi, taɓarya, akushi, kujerar tsakar gida.
Ƙirya ta san hannuna, gizago ya san gwiwata.
Sai ran nan Zuwera ta dawo daga Yamai,
ta miƙo mini salula, ta ce, “Baba, duba.”

Na duba. Duwatsu ne a tsaye cikin rairayi.
Wani kamar turmin da aka kife, ƙugunsa siriri,
wani raƙumi ne da ya durƙusa bai sake tashi ba,
wani ƙofa ce, babu gida a bayanta
sai sama.

Na ce, wa ya yi?
Ta ce, iska.
Na ce, da wane ƙarfe?
Ta ce, da yashi, Baba, ƙwaya-ƙwaya.

Daren nan na juya har tabarma ta gaji da ni.

Da safe na iske Agali a tasha, yana kan shayi na biyu.
Ya share ƙasa da tafin hannu,
ya zana mini hanya da tsinken ashana:
nan Abalak, nan Ingal, nan Agadas,
nan kwalta za ta ce maka sai wata rana.
Daga nan kwana uku in tayoyi sun yi haƙuri.
Rijiya ɗaya ce, ita ma sai an lallashe ta.
Sai takardar hukuma, sai ɗan jagora,
sai mota biyu, don ɗaya ba ta shiga can ita kaɗai.
Ya faɗi kuɗin yana kallon butar shayi.
Ni ban iya lissafin jikkuna masu yawa ba,
na mai da shi abin da na sani:
turmi sittin da uku.

Cima ta ce, “Dutse ka rasa a Adar?
Fita bayan gari, ka yi tuntuɓe da ɗari.
Tsofai-tsofai da kai za ka bi iska?”
Ta faɗa, ta tashi.
Bayan kwana biyu na ga ta ɗinka jaka mai baki biyu,
ta fara tara cuku a ƙarƙashin gado,
tana ce wa jikoki na baƙo ne.

Na rubuta a bayan takardar siminti:
jarka shida, dabino tiya biyu, sukari,
bargo, don Agali ya ce daren can yana cizo,
maganin hawan jini na wata guda,
tabarau, kar in je in ga rabi.
A ƙasa na bar wuri, na tambayoyi ne.

Zan ce mata: ke da ba ki da mai saye,
ba wanda ke tsaye a kanki yana cewa Lahadi bikin,
ta yaya kike sanin aiki ya ƙare?
Ni sara ɗaya na taɓa ƙarawa don kyau,
gindin turmi ya huje, na ga ƙafata ta ciki.
Ko ke ba kya gamawa ne?
Ko abin da muke kira kyau
tsakiyar aikinki ne muka tarar?

Sau biyu na naɗe gizago a tsumma na sa a jaka,
sau biyu na fidda shi.
Ba a kai wa babba kayan aiki.
Hannu kawai zan kai, in shafa inda ta shafa.

Saura turmi goma sha tara.
Damina ta cinye huɗu, ciwon Cima ya ci shida,
na sake ƙirgawa daga inda aka tsaya.
Agali ya daina tambayata yaushe,
sai dai ya zuba mini na uku, mai zaƙi.

Jiya da la'asar ina fafe cikin wani itace,
ta shigo rumfa ba sallama,
ta kwashe ɓarɓashin da ke gabana,
ta yi arewa da shi.
Ban bi ba. Na ce, kai masu,
ki ce mai shi yana tafe.