Ƙofar da Ɓarawo Ya Bari a Buɗe

Buhu arba'in na albasa Kolawole ya ɗauka
a hannuna, Mile 12, wata Laraba mai ruwa.
Ya ce Juma'a.
Juma'a goma sha ɗaya sun wuce,
layinsa a kashe, a rumfarsa wani ke sayar da doya.

Sai Sagiru ɗan ƙanwata, mai gyaran waya a Ikeja,
ya ja ni lungun da janareto ke tari,
ya ce, "Kawu, dubu biyu kacal.
Akwai rumbun da aka fasa, aka watsar a intanet.
Sa lambarsa, ka ga har sunan uwarsa."

Na ce, "Ba sata ba ce?"
Ya ce, "Mu muka fasa? Tsintuwa ce."
Ni kuwa zuciya ta riga ta sa takalmi.

Allon ya buɗe kamar cikin rago a hannun mahauci.
Ga hotonsa, ido a zare irin na mai layin rajista,
ga lambar banki, ga titi a Ikorodu, gida na bakwai,
ga Morenike matarsa,
ga takardar asibiti:
Tejumade, shekara shida, sikila,
jini leda uku cikin wata biyu.

Ban zo neman wannan ba.
Albasa na zo nema.
Amma ido ba ya amai,
abin da ya haɗiye ya zauna.

Na rubuta adireshin a bayan rasit,
na ninke, na cusa a naɗin hula.
A cunkoson Ojota danfo ya tsaya cak,
takarda mai nauyin gashin kaza
ta danne min kai kamar buhu.

Barista Rakiya, maƙwabciyarmu a Agege,
tana yanka alayyafo ta saurare ni, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Don ɓarawo ya bar ƙofa a buɗe
ɗakin bai zama kasuwa ba.
Mai fasawa, mai sayarwa, mai biyan dubu biyu,
igiya ɗaya ce, tsawo ne ya bambanta.
Bashi yana da kotunsa. Kawo shaidu, in rubuta maka.
In ka buga ƙofar nan da wannan takarda,
kana iya zuwa mai bin bashi, ka dawo mai amsa tambaya."

Na ce, "Shi da ya cuce ni fa?"
Ta ce, "Shi ya cuce ka. Yarinyar fa?"

Liman bai tsawaita ba, yana ɗaura agogo bayan alwala:
"Leƙe leƙe ne, Lurwanu,
ko ta ɓular da wani ya huda."

Da dare barci ya ƙi.
Na kira Sagiru, na ce, "Sa tawa."
Ya yi shiru, na ji yatsunsa suna tafiya.
Sai ya soma karanto ni:
ƙauyenmu, ranar haihuwar da aka ƙirƙiro min a ofis,
sunan Inna, wanda ko ni ban taɓa faɗa da ƙarfi ba,
da rancen da na ci ta waya bara
wanda Hajara ba ta sani ba har yau.
Ya tsaya. Ya ce, "Kawu, in ci gaba?"

Dubu biyu.
Kuɗin kwanon shinkafa da nama ɗaya.
Wa ya biya ya kalle ni tsirara
ina tsaye ina cinikin albasa?

Da asuba na jefa rasit ɗin a murhun mai shayi.
Ya ci wuta, bai yi ko hayaƙin kirki ba.
Barista ta rubuta takardar, muna jiran rana.

Sai dai kowace safiya a bakin tasha
kwandasta na rataye a ƙofa, yana ihu:
Ikorodu! Ikorodu!
Ni kuwa na san titin.
Na san gida na bakwai.
Na san jinin da ke ƙarewa a ciki.
Wannan, wace wuta zan kai shi?