Zumunci a Taya

Daga rufin gidana a Hamdaniyya
ina hango shanyar ƙanwata Yalwa:
zane biyu, ɗankwali ruwan goro,
da dardumar da innarmu ta bar mata.
Da zan yi jifa, a tsakar gidanta dutsen zai sauka.
Amma in na ce zan je in gaishe ta,
sai an tada mota.

Tsakaninmu kwalta ce mai layi takwas,
da shingen ƙarfe, da katanga.
Motoci na kwarara kamar indararo,
ba dare ba rana.
Bara wani yaro ɗan Yaman ya gwada tsallakawa.
Takalminsa ɗaya ya kwana uku a gefen hanya.

Sai in jira Mudi jikana ya taso aiki.
Layinmu bai ɓulle ba, da baya muke fita.
Na kusa da shi ma bango ya rufe masa baki.
Mu yi arewa, alhali Yalwa na gabas,
mu hau gada, mu sauka, mu zaga shataletale,
wata mata a cikin wayar Mudi na ba mu umarni da Larabci:
dama, hagu, juya.
Minti arba'in.
Kunun gyaɗar da na riƙo mata ya yi fata.

Ba haka na san Jidda ba.
A tsohuwar unguwarmu, can wajen Karantina,
lungu ke auren lungu su haifi lungu,
kuma kowanne yana ɓullewa.
Hanya bakwai ke kai ni masallaci.
In na bi ta wajen mai tamis, in dawo da burodi da zafinsa.
In na bi ta ƙofar Barau tela, in dawo da labari.
In ina ɓoyon mai bina bashi,
akwai ta bayan gidan Tasalla mai waina,
inda kafaɗa ke gogar bango hagu da dama.
Ba a yi wa mutuwa shela,
kafin a ɗora ruwan wanka unguwa ta cika zaure.

Sai garin ya yi yaɗo kamar kabewa,
yana zuba 'ya'ya nesa da gindi.
Inda na taɓa ganin raƙuma na tuƙa
yau fitilu ne a jere suna haska yashi,
tituna masu suna, babu ko ƙofa ɗaya,
suna jiran mutanen da ba a haifa ba.
Mu kuwa muka watse kamar gero a yagaggen buhu.
Barau yana kudu, kan hanyar Lis.
Tasalla ta rasu, sai bayan bakwai na ji.

An ce zumunci a ƙafa yake.
Ƙafata ga ta nan, lafiyarta lau,
sai dai ba a zana garin da ita ba.
Wanda ya ja layukan nan a takarda
ban ce mugu ba ne.
Wataƙila dai ba shi da ƙanwa a tsallake.
Ni ba fada na roƙa ba:
ƙofa ɗaya a jikin katangar, faɗin mutum,
da 'yar gadar da tsoho zai hau yana hutawa.

Shi ya sa muka yi alkawari da Yalwa.
In ta tashi lafiya, ta shanya ɗankwalin nan bayan asuba,
ni kuma in ɗaga farar hulata.
Shekara biyu ke nan gaisuwarmu.

Yau na hau tun rana ba ta keto ba.
Igiyar ce kawai ke lilo.
Na kira wayarta, tana ta ƙara.
Ga ƙofarta can, ina ganin har tsatsar da ke jikinta.

Mudi ya ce sai la'asar zai taso.