Zakaran Pitowa

Jaka uku aka ce mini a kasuwar Pitowa,
na taya biyu da rabi, mai shi bai ko ja ba.
Da ina da wayo, nan zan tsaya in yi tambaya:
wa ke sallama jan zakara kamar mai gudun bashi?
Na ɗaure shi bayan keke, ina fito har Garwa,
da magariba na kwance shi, na tura cikin akurki,
na ce, Saude, ga ango na kawo wa 'yan matanki.

Kwana huɗu.
Ruwan Agusta ya ƙi ɗaukewa,
Binuwai ta cika tana lasar gonakin gaɓa,
ƙasan akurki ya jiƙe, dusa ta yi tsami.
Tsakar dare na ji kamar buta za ta tafasa,
ƙur-ƙur, shiru, ƙur-ƙur.
Na haska tocila.
Wake-wake ta miƙe wuya tana haɗiyar iska,
baki buɗe, kumfa a gefen ido.
Fingi na atishawa tana goge hanci a fiffike,
shi kuwa angon, fuska ta kumbura kamar ya sha mari.

Saude ba ta ce mini uffan ba, wannan ya fi zagi.
Kaji tara, ita ta san lissafinsu:
biyu na littattafan Barira ne, ɗaya ta gishiri da sabulu,
sauran asusu ne mai yawo da ƙafa biyu.
Ta daka barkono da tafarnuwa,
ta jiƙa sassaƙen maɗaci a kasko,
yadda ta ga kakarta na yi.
Suka sha, suka yarfa kai.
Da asuba muka tarar da wake-wake ta sandare.

Hamajoda malamin dabbobi ya zo a babur, laka har gwiwa.
Bai fara taɓa kaza ba, akurkin ya leƙa,
ya ja baya yana murza ido.
Ya ce, kai da kanka za ka kwana a nan?
Warin da ya sa ni hawaye, su shi suke shaƙa.
Fitar da masu tari can bayan rumbu,
kaskonsu daban, tsabarsu daban,
ka fara ba masu lafiya, ka wanke hannu tukuna.
Kwashe wannan dusa, zuba busasshen yashi,
huda bango ta sama iska ta ratsa.
Ga gari, ka auna a ruwan sha kwana biyar cur,
ko sun miƙe a na uku, kada ka yi musu rowa.
Ƙwai da nama a haƙura sai na ce.
Rigakafi na masu lafiya ne, zan dawo da shi cikin ƙanƙara.
Mushen kuma, rami mai zurfi, ba bola ba,
kada kare ya kai wa maƙwabta rabonsu.

Ni da ke ɗinka wa manya babbar riga,
sai ga ni tsugune da tsumma da ruwan ɗumi
ina share wa kaza majina.

Biyu muka binne. Bakwai suka tashi.
Angon ma ya tashi, sai dai murya ta tafi,
in ya yi cara kamar ana jan tsohuwar ƙofa.
Hamajoda ya ce a bar shi can shi kaɗai,
wani ciwon yakan kwanta ne, bai tafi ba.

Jiya ƙanwar Saude ta aiko da sagara daga Gidar,
fara sol, ido garau.
Na kama hanyar akurki da ita a hammata,
sai na ji gyaran murya daga bakin murhu.
Na juya.
Na ɗauko kwando na kife ta gindin darbejiya.
Baƙo, in ji Saude tana fifita wuta,
sai ya yi sati biyu ake nuna masa ɗaki.