Littafin Kawu Shekarau

Kawu Shekarau yana yankan tikiti a tashar Farin Gada.
A aljihun kwat ɗinsa akwai wani littafi mai bangon kwali,
manja ya taɓa shi, ruwan Agusta ya kumbura shi.
Da farko na ɗauka lissafin bashi ne.
Ashe tsarabar direbobi ce daga inda kwalta ta ƙare,
abin da suka ji, da abin da suka ƙara wa gishiri.

Shafi na uku, in ji Dalyop mai a-kori-kura:
akwai wani ƙauye a bayan dutse,
gida tara, tela huɗu,
kuma duk wandon garin ya fi tsawo a ƙafar hagu.
A gefe Kawu ya rubuta da jan biro: Ban gani ba.

Shafi na bakwai: wani gari mai agogo ɗaya tak,
yana gaba da minti arba'in tun zamanin kakanni.
Ba wanda ya gyara.
Ba wanda ya taɓa makara jana'iza.
A gefe: Dalyop ma bai gani ba.

Sai rema.
Wani malamin jami'a, yana jiran canjin naira hamsin,
ya ce remar nan ta kogon dutse,
wadda ba ta kai zomo mai ƙiba ba,
dangin giwa ce.
Ran Lahadi Kawu ya hau dutsen Shere da gurasa a leda,
ya zauna yana kallonta har inuwa ta juya.
Ita ma tana kallonsa.
Ya sauko da ciwon gwiwa, ya rubuta:
Ba a zaɓen 'yan'uwa.

Kada ba ya iya zaro harshe.
Hawainiya na duban gabas da yamma a lokaci guda.
Ƙanƙarar da ta sauka bara a Bukuru,
ya auna ɗaya da ƙwan zabuwa kafin ta narke masa a tafi.

Daga tsakiya littafin ya koma filin ƙwallo.
Ga Ɗantani Guntu, da ba ya buga fenariti
sai ya raɗa wa ƙwallo magana a kunne.
Ga Gyang Bahago, mai cire takalmi ɗaya,
wai fata ta fi sanin fata.
Ga wani gola da ya ce kada ka dubi idon mai bugu,
ido maƙaryaci ne,
dubi ƙafar da ya dasa a ƙasa.

A ƙasan wannan akwai layi guda, an ja masa zane biyu
har biro ya huda takarda:
A kan tudu iska siririya ce, ƙwallo takan tashi
fiye da yadda ƙafa ta nufa.
Gefen nan babu komai.

Inna ce ta ba ni sauran, tana feraye dankali.
Ta ce shi ne mai lamba tara na 'yan haƙar kuza.
Wasan ƙarshe, ci ɗaya da ɗaya, alƙali ya nuna tabo.
Ƙwallo ta haye sanda, ta haye katanga,
ta faɗa tafkin tsohuwar mahaƙa, wanda ba a san zurfinsa ba.
Yara sun yi kwana uku da gora.
Ta ce kada in tambaye shi.

Na tambaye shi.
Ya ce, Motar Mangu saura mutum biyu,
ya juya yana kiran fasinja.

Amma da magariba, in tasha ta watse,
nakan gan shi ya ajiye gwangwanin madara a ƙasa,
taku goma sha biyu daga ƙofar tasha, yana ƙirgawa a hankali.
Ya ja baya.
Ya lashi yatsa, ya ɗaga sama, ya ji inda iska ta dosa.
Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya duƙa ya ɗauki gwangwanin,
ya miƙa wa yaron mai shayi,
ya ce a zuba masa, kada sukari ya yi yawa.