Asusun Mai Albasa

Babana a Aleiro bai san banki ba.
Gwangwanin madara, tsumma, rami a gindin rumbu.
In damina ta yi nauyi
sai ya shanya kuɗinsa a tabarma kamar ganyen kuka.
Shekarar da gara ta ci rabonta
bai yi fushi ba, ya ce zakka ce ta fitar da kanta.

Ni kuwa mai sayen kayana yana Anaca.
Tun da hanya ta lalace Okwudili ba ya ɗauko kuɗi a mota,
sai dai ya ce, Arzika, turo lamba.
Lambar ƙanena nake turawa,
kuɗin buhu ɗari biyu su kwana a hannun ɗan makaranta.
Ranar da na ga sabon takalmi a ƙafarsa
ban tambaye shi ba.
Na ce Litinin zan shiga Birnin Kebbi.

A na farko ƙofa ce ta fara kama ni,
ta yi ta surutu da Turanci
sai da na ajiye makullai da wuƙar yanke ganye.
Ciki sanyi kamar gindin randa.
Yaron tebur ya ja hanci,
na gane warin rigata ya riga sallamata isa.
Ya ce takardar rajista, takardar kuɗin wuta, mutum biyu masu tsaya maka.
Takardar wuta!
Mu da muke cajin waya a shagon Ɗanjimma.

Na biyu sun ba ni kujera, har da ruwan gora.
Ban nemi rance ba, su suka kawo zancen:
kowane ƙarshen wata ka biya kaza.
Na ce albasa ba ta san ƙarshen wata ba.
Ana cire ta da bazara, ta kwanta a rudu
tana jiran kasuwa ta waiwayo,
wata ta ruɓe, wata ta tsiro, ta rage nauyi,
sannan ta biya ka, in ta ga dama.
Ya duba kwamfuta, ya ce babu gurbin wannan.
Na shanye ruwan dai, tunda an buɗe.

Na uku a Jega yake, bayan tashar mota,
fanka ɗaya tana kuka a sama.
Wata Kulu ce a teburin, da tawada a yatsa.
Ba ta ja hanci ba. Ta ce, fara ce ko ja?
Rudu nawa ka cika bana?
Ashe tsohonta yana da fadama a Maiyama.
Ta juya takarda ta rubuta mini a baya
abin da za su yanka in kuɗi ya shiga,
abin da za su yanka in ya fita,
har na saƙon waya da ba wanda ya faɗa mini.
Ta ce ran kasuwa na'ura kan tsaya, ba zan ɓoye maka ba.
Ga lambata.

Dubu ashirin kawai na zuba.
Ba a gwada iri a gona guda, sai a kwami.

Sati uku bayan nan, bayan isha,
mota ta cika, direba yana danna oda,
Okwudili yana rantsuwa ya tura,
wayata shiru kamar an binne ta.
Na kira Kulu, ina jin kukan jariri a bayanta.
Ta ce ba ni minti goma.
Sha bakwai ta yi, na ƙirga.
Ta ce suna hanya, na ga alamarsu, saki motar.
Na saki, cikina yana kaɗawa har Koko.
Saƙon ya shigo ana kiran asalatu.

Ban ce na yarda da su duka ba.
Har yanzu ina lissafa abin da suke yanka
a jikin bangon zaure, da gawayi.
Gwangwanin babana yana nan, ya yi tsatsa a baki.
Katin bankin nake ajiyewa a ciki.